Rancen gida na sojojin Amurka zai iya gina mana gida a Garwa?

Baban Soja, Garwa

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Tambayata ga waɗanda suka san harkar banki da ta takardun fili. Ɗana na fari ya samu bizar ƙuri'a ya tafi Amurka, ya shiga aikin soja, yau shekara 3 ke nan. Yana wani bariki a jihar Teksas da matarsa da 'ya'ya biyu. Ana ta gaya mana cewa gwamnatin can tana ba sojojinta kuɗin gida ba tare da sun ajiye ko sisi ba, wai shi VA. Ina da fili a bayan unguwar Jambutu a nan Garwa ta Kamaru, mita 20 a kan 25, na saya hannun wani bawan Allah da takardar jauro, wato mai unguwa, da shaidu uku. Shin in yaron ya karɓi wannan kuɗi zai iya turowa a gina a nan? In ba zai yiwu ba, wace hanya ta fi? Kuma akwai kuɗin ruwa a ciki ko babu? Duk ranar da na tayar masa da zancen sai ya ce "Baba, abin ba haka yake ba", amma bai taɓa zama ya warware mini yadda yake ba.

Ɗan Yelwa

Wa alaikumus salam Baba, Allah ya ƙara girma. Yaron gaskiya ya faɗa muku, kuma amsar tambayarku ta farko a'a ce. Kuɗin nan ba ya ƙetare teku. Gidan da za a saya ko a gina da shi dole ya kasance a cikin Amurka ko yankunan da ke ƙarƙashinta, irin su Guwam. Ko sojan da aka tura Jamus yana zaune can da iyalinsa ba zai sayi gida da shi a can ba, balle a Garwa.

Maganar "gwamnati tana ba su kuɗi" ita ce ta ruɗa mutane. VA ma'aikatar kula da tsofaffin sojoji ce, kuma a irin wannan rancen ba ita take fitar da kuɗin ba. Banki ne ko kamfanin ba da rance yake bayarwa, ita tsayawa kawai take yi, kamar yadda dattijo yake tsaya wa yaro a kasuwa a ba shi kaya bashi. Rubu'i ta ɗauka. In rancen dala 300,000 ne, yaron ya gaza, aka sayar da gidan kuɗi bai cika ba, VA za ta cike wa banki har 75,000. Wannan lamunin ne ya sa banki yake yarda ba a ajiye kuɗin gaba ba, ba ya kuma ɗora inshorar nan ta wata-wata da ake ɗora wa farar hula in bai ajiye kashi 20 cikin 100 ba. Tsarin tsoho ne, tun dokar 1944 da aka yi domin sojojin da ke dawowa daga Yaƙin Duniya na Biyu. Daga 1 ga Janairu 2020 an ɗage iyakar da ake sa wa wanda bai taɓa amfani da haƙƙinsa ba, iyakar yanzu ita ce abin da banki ya ga albashinsa zai ɗauka.

Kuɗin ma ba ya bi ta hannun sojan. Ranar da za a rufe ciniki, daga banki yake wucewa wajen mai gida ta hannun kamfanin da ke riƙe da amanar cinikin. Babu inda zai kwana a asusunsa balle ya gutsuro ya aiko.

Game da cancanta, ɗanku ya wuce wurin tuni. Wanda ke cikin kaki kwana 90 a jere ya ishe shi. Wanda ya ajiye aiki a wannan zamanin ana neman wata 24 a jere, ko cikar wa'adin da aka kira shi, da sharaɗin ba korar wulaƙanci aka yi masa ba. Sojojin ko-ta-kwana galibi shekara 6. Takardar farko da zai nema ita ce ta shaidar cancanta, COE. Yawancin bankuna suna cirota ta intanet cikin mintoci. In ba ta fito ba sai ya cika fom 26-1880, ya haɗa da takardar shaidar yana bakin aiki mai sa hannun kwamandansa ko ofishin ma'aikata. Wanda ya bar aiki takardar sallamarsa daga soja, DD214, zai kai.

Sharaɗin da ya fi kashe shawararku shi ne na zama. Zai sa hannu cewa shi da kansa zai zauna a gidan, yawanci cikin kwana 60 da rufe ciniki. In an tura shi fagen daga, zaman matarsa ya wadatar. Wanda ya sa hannu alhali ya san haya zai zuba ya yi wa gwamnatin tarayya ƙarya a rubuce, kuma ga soja wannan ba ƙaramin tabo ba ne. In daga baya aka yi masa canjin bariki, nan kam ba laifi ya sa 'yan haya.

Kafin a biya, VA tana turo mai ƙimanta gida daga nata jerin, ba wanda mai saye ko dillali ya zaɓa ba. Abu biyu yake dubawa: darajar gidan, da ko ya isa a zauna. Rufi mai yoyo, wayar wuta a waje, babu abin ɗumama ɗaki, fentin da ke ɓarewa a gidan da aka gina kafin 1978 saboda dalma, duk suna tsayar da ciniki sai an gyara. A jihohi masu ɗumi kamar Teksas ana yawan neman takardar binciken gara. In aka daidaita a kan 300,000 mai ƙimantawa ya ce 285,000, banki ba zai wuce 285,000 ba. Ko mai gida ya sauko, ko mai saye ya cika 15,000 daga aljihunsa, ko ya janye a mayar masa da kafin alƙalaminsa, domin akwai sakin layi a yarjejeniyar da ya ba shi wannan damar. Amma kada ya ɗauki wannan ƙimantawa a matsayin binciken lafiyar gida. Ya biya nasa mai bincike daban, ya shiga ƙarƙashin rufi, ya duba bututu da tushe.

Hanyar da nake gani rancen zai amfani Garwa ba tare da an karya doka ba ita ce wannan: an yarda a sayi gini mai sassa har huɗu, muddin yana zaune a ɗaya. Haya daga sauran ta rage masa nauyin biyan wata, abin da ya rage daga albashi ya riƙa turowa.

Mai Lissafi, Ngaundare

Ɗan Yelwa ya yi bayani, sai dai "ba a ajiye ko sisi" na bukatar gyara, Baba, kada ku riƙe shi haka. Akwai kuɗin da VA take karɓa sau ɗaya. A jadawalin da ya fara aiki 7 ga Afrilu 2023, mai amfani na farko da bai ajiye komai ba yana biyan kashi 2.15 cikin 100 na rancen. A kan 300,000 dala 6,450 ke nan. In ya ajiye kashi 5 sai ya sauko 1.5, in kashi 10 ya zama 1.25. Karo na biyu ba ajiya kuwa 3.3 ne, wato 9,900. Wanda ake biya diyyar rauni ko ciwon da ya samu a bakin aiki an yafe masa, kuma in hukuncin diyyar ya fito daga baya da kwanan watan da ya riga ranar ciniki, yana iya neman a mayar masa. Mutane da yawa ba sa nema.

Wannan kuɗin ana iya cusa shi cikin rancen. Sauran kuɗin rufe ciniki ba a cusawa a sayen gida: ladan banki da bai wuce kashi 1 ba, kuɗin mai ƙimantawa, inshorar takardar mallaka, harajin gida da inshorar gida na watannin farko. Ko mai saye ya biya, ko a yi ciniki mai gida ya ɗauka.

Ga lissafin da dillali ba zai yi masa ba. A ƙaddara kuɗin ruwa 6.5 ne, shekara 30, rancen ya zama 306,450 bayan an cusa wancan. Biyan wata kusan dala 1,937, ban da haraji da inshora, kuma harajin gida a Teksas yana da nauyi. A watan farko kusan 1,660 ruwa ne, 277 kaɗai ya taɓa uwar kuɗi. Bayan shekara 3 ana binsa kusan 295,500. Soja kuwa ba ya daɗewa a bariki ɗaya, shekara biyu zuwa huɗu an ɗauke shi. In ya tashi sayarwa farashi bai hau ba, ladan dillalai da kuɗin takardu za su ci kashi 5 ko 6 ko fiye, wato 15,000 zuwa 18,000. Ya sayar da gida ya fito da cikon bashi. Wannan shi ne ramin rashin ajiye kuɗin gaba. Wanda bai da tabbacin zai riƙe gidan shekara biyar, ko a zaune ko a haya, gara ya ci gaba da zama a gidan bariki.

Yadda banki yake auna shi kuma hanya biyu ce. Ta farko, duk basussukansa na wata har da gidan kada su wuce kashi 41 na kuɗin shigarsa, kuma alawus ɗin gida da ake ba soja, BAH, yana shiga lissafi. Ta biyu ita ce abin da zai rage masa bayan haraji da bashi da hidimar gida. Ga iyali mai mutum huɗu a shiyyar kudu, inda Teksas take, dala 1,003 ne a wata. In ya haura 41 ɗin, sai ragowar ta ɗara wannan da kashi 20. VA ba ta yanke makin tarihin biyan bashi ba, amma bankuna da yawa suna tsayawa a 620. In kuma wa'adin kwantiraginsa zai ƙare cikin wata 12, sai ya nuna zai sabunta ko yana da aiki a hannu.

Abin da yake turo muku kowane wata ba ya fitowa a matsayin bashi a takarda, amma daga aljihu ɗaya yake fita. Banki zai amince da rancen da a zahiri ba zai bar masa abin turowa ba. Shi ne zai yi wa kansa wannan lissafin.

Za ku ji wani ya ce ai ya sayi gidan, daga baya ya sake rance a kansa ya ciro tsabar kuɗi ya turo. Akwai wannan tsarin, kuma kuɗin da aka ciro ba a tambayar inda za a kai shi. Amma sai an yi kwana 210 da biya shida, sai gidan ya tara darajar da ta wuce bashin, ga kuɗin VA na 3.3 a karo na biyu. A Teksas ma dokar jihar ba ta yarda bashin ya wuce kashi 80 na darajar gida ba in za a ciro kuɗi, kuma yawancin bankuna ba sa yin irinsa da lamunin VA a can. Gidan sassa huɗu ma ban hana ba, amma banki zai nemi ajiyar biyan wata shida a asusu, da alamar ya iya riƙe 'yan haya.

Hajiya Mai Dosiye, Marwa

Duk kun tafi Amurka kun bar filin a baya. Alhaji, ni abin da ya tsaya mini a tambayarku ba dala ba ce, "takardar jauro da shaidu uku" ce.

A dokar ƙasa ta Kamaru, wato odonas 74-1 ta 6 ga Yuli 1974, titir fonsiye, takardar rajistar fili ta gwamnati, shi kaɗai ne shaidar mallaka. Cinikin fili dole ya bi ta hannun noter, wanda doka ta ba ikon rubuta ciniki da hatimi, kuma sayar da filin da ba shi da titir ciniki ne ɓatacce a idon doka. Takardar jauro tana da amfani a unguwa, tana nuna kun biya kuma maƙwabta sun sani, amma babu bankin da zai karɓe ta jingina, kuma ranar da wani ya fito da titir a kan wurin, shi kotu za ta saurara. Saboda haka kafin a sayi buhun siminti ɗaya, ku je ofishin kadastir, wato na awon filaye, da na mai ajiyar littafin filaye na lardin Binuwai a Garwa, a duba ko filin yana cikin wani babban titir, ko filin gwamnati ne, ko an ware shi domin hanya. Ku nemi takardar tsarin gari a meri, wato ofishin magajin gari, ita za ta nuna ko wurin ma an yarda a yi gini.

In ya faɗa cikin titir na wani, hanyar ita ce a yanko muku naku. Mai awo na kadastir ya kafa turakun iyaka, noter ya rubuta ciniki, a fitar da sabon titir da sunanku. Ku nemi sabuwar takardar shaidar mallaka daga littafin filaye kafin ku biya komai, domin a nan ake ganin jingina ko ƙarar da ke kan fili.

In ba shi da titir sam, hanya biyu ce. Rajista kai tsaye ta 'yan ƙasa ce waɗanda suke zaune ko suke noma wurin tun kafin 5 ga Agusta 1974, su ko magadansu. Ana ajiye dosiye, wato tarin takardun nema, a ofishin sufurfe, shugaban gunduma na gwamnati, a karɓi rasit, a liƙa sanarwa, kwamiti ya sauko fili da sufurfe da sarkin wurin da dattawa biyu, a ga aikin da aka yi a kai, a kafa turaku, a buga a mujallar sanarwar filaye ta yanki, a jira kwana 30 ko wani zai yi jayayya. Wanda ya zo bayan 1974 kuwa sai ya nemi a ba shi riƙon wucin gadi da bai wuce shekara 5 ba, ya yi ginin da ya yi alkawari, kwamiti ya gani, sannan a tabbatar masa. Inda dosiye yake mutuwa: maƙwabcin da ba a kira ranar kafa turaku ba, magajin da bai sa hannu ba, da sunan da ya bambanta tsakanin katin ɗan ƙasa da takardar haihuwa. Mamudu a nan, Mahamadu a can, sai a yi wata shida ana yawo.

Sai tambayar da ba wanda ya yi: yaron ya karɓi takardar zama ɗan Amurka? Soja yana samunta da wuri. Dokar ƙasanci ta 11 ga Yuni 1968 ta ce baligin da ya karɓi wata ƙasa da son ransa ya rasa ta Kamaru. In haka ne, a ofishin filaye baƙo ne. Zai iya saye, amma sai ministan filaye ya sa hannu a kan cinikin, ba a kuma sayar wa baƙo a yankin iyaka. Rajista kai tsaye ba tasa ba ce.

Game da rance a nan gida, ƙofar mai albashi, soja ko farar hula, ita ce Crédit Foncier du Cameroun da aka kafa a 1977, wanda ake yankar kashi 1 na albashin ma'aikata dominsa, kuma yana da reshe a Garwa. Bambancinsa da VA shi ne shi da kansa yake ba da kuɗin. Zai nemi titir, izinin gini, zanen gida da ƙiyasin kuɗin aiki, shaidar albashi, gudummawar mai nema, inshorar rai da ta gobara, sannan ya ɗora jingina a kan titir ɗin. Ba ya zube kuɗin gaba ɗaya, kashi-kashi yake sakewa bayan an zo an ga inda aiki ya kai. Biyan wata kuma ana auna shi da kusan sulusin albashi. Kun ga ko ta nan aka bi, titir ɗin ne farko.

Malam na Kofar Masallaci

Alhaji, tambayarku ta uku ba a amsa ta kai tsaye ba. E, akwai kuɗin ruwa. Lamunin gwamnati yana sauƙaƙa shi, ba ya cire shi. A misalin Mai Lissafi, wanda ya kai shekara 30 zai biya sama da dala 697,000 a kan 306,450. Rance ne da ya jawo ƙari da sharaɗi, kuma wannan shi ne riba a wajen malaman mazhabobi. Na Crédit Foncier ma hukuncinsu ɗaya, ko da ruwansa kaɗan ne.

Akwai fatawar da majalisar fatawa ta Turai ta bayar a 1999, ta yi rangwame ga Musulmin da ke zaune a ƙasashen da ba na Musulmi ba ya sayi gidan zamansa da rancen banki, in ba shi da wani gidan kuma babu wata hanya. Malamai da yawa sun yi mata raddi. Ko wanda ya karɓe ta, gidan zama ta ce, ba gidan haya ba, ba kuma gida na biyu a garinsu ba. Saboda haka shawarar sassa huɗu da ta ciro kuɗi a turo ba su shiga ƙarƙashinta ba. A Amurka akwai kamfanonin da ke saye tare da mutum ya riƙa fansar kasonsu a hankali, ko su saya su sayar masa da riba sananniya, irin su Guidance Residential da UIF. Su suna neman kuɗin gaba. Ya zauna da malamin da ya san yarjejeniyoyin can ya karanta masa kafin ya sa hannu.

Wani abu kuma da ya shafi maganar Hajiya. In aka yi titir da sunanku, aka gina da kuɗin yaro, ranar da ta Allah ta kasance gidan gado ne, za a raba shi da sauran 'ya'ya da iyayensu mata. Cewa "kowa ya san kuɗinsa ne" ba ta tsayawa a gaban alƙali. In kyauta za ku yi masa, a mazhabar Malikiyya kyauta ba ta cika sai wanda aka ba ya karɓa ya riƙe, shi ko wakilinsa, tun mai bayarwa yana da rai da lafiya. In kuma kuɗin da yake turowa bashi ne a kanku, a rubuta da shaidu kamar yadda ayar bashi ta yi umarni. In taimako ne ga gida gaba ɗaya, shi ma a faɗa a rubuta, kowa ya sani tun yanzu.

Baban Soja, Garwa

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na kira shi jiya. Ya ce bara ya yi rantsuwar zama ɗan ƙasa. Wanda ya sayar mini da filin kuma ya rasu shekara biyu da suka wuce, amma 'ya'yansa suna nan, gonar kakansu ce aka yayyanka. Yaron ya ce zai iya turo abin da ya kai sefa 300,000 a wata. Hajiya, ta ina zan fara? Kuma in fara zuba tushe kafin damina ko in jira?

Hajiya Mai Dosiye, Marwa

Gonar kaka ce, to da sauƙi, Alhaji. In dattawa za su shaida ana nomanta tun kafin 1974, magadan ne suke da haƙƙin rajista kai tsaye. Su fara samo hukuncin kotu da ya lissafa magada ya naɗa mai kula da gado, su nemi titir na gonar, sannan a yanko muku mita 500 ɗinku ta hannun noter. Ku nemo sauran waɗanda suka sayi fili a gonar ku haɗa kuɗin awo da na takardu, domin magada ba za su kashe nasu a kan abin da uba ya riga ya cinye kuɗinsa ba. Kafin ku ba da ko sisi, kowane magaji, har matan da suka yi aure a wani gari, ya sa hannu cewa ya amince da cinikin marigayi. Wanda aka manta shi ne zai fito a cikin kwana 30 ɗin nan.

Tunda yaron ya zama baƙo a takarda, a rubuta cinikin da sunanku. Yadda zai koma hannunsa daga baya noter zai tsara muku, da sa hannun minista, ku haɗa da abin da Malam ya faɗa. Kowane kuɗin da ya turo ya bi ta banki ko kamfanin aika kuɗi da sunanku, a ajiye rasit. Izinin gini daga magajin gari yake fitowa, doka ta ba shi kwana 45, kuma zai nemi shaidar mallaka.

Magini, Gidar

Baba, ku jira. Daminar nan ku bar ta ta yi muku aiki kyauta: ku je filin a watan Agusta bayan ruwa mai ƙarfi ku ga inda yake kwanciya da inda yake bi. Garwa ta ga ambaliyar da kogin Binuwai ya yi a 2012, kuma filin da ya bushe ƙayau a Maris ba ya faɗar gaskiya. Ku haƙa rami mita ɗaya da rabi a kusurwa biyu. In baƙar laka ce mai tsagewa da rani, wadda Fulani ke kira karal, tana kumbura da ruwa ta tsuke da zafi, ita ce take tsaga bango daga tushe har taga. A irinta sai an haƙa an wuce ta, a zuba yashi da tsakuwa, a ɗaure tushen da ƙarfe zagaye, a sake ɗaurewa a saman tagogi.

Da 300,000 a wata kada ku buɗe aiki kuna jiran na gaba. Ku tara na wata biyar ko shida, a gama mataki ɗaya cif: tushe, sannan bango zuwa ɗauri, sannan rufi. Siminti ba a tara shi, yana ƙanƙarewa a buhu, ƙarfe da tsakuwa da kwano su ake saye a ajiye. Kankaren ginshiƙi da ɗauri buhu 7 na kilo 50 ne a kowace mita kubik, ƙarfe mai lamba 10 ko 12 a tsaye, mai lamba 6 a zobe. Bulo mai faɗin santimita 15, buhu ɗaya kada ya wuce 30 zuwa 35. Mai bugawa in ya fitar da 50 yashi ya sayar muku, ku murza gefensa da yatsa za ku gani. Bango mita ɗaya a kan ɗaya yana cin bulo 12 da rabi, da wannan za ku gane ƙiyasin da aka kumbura. A zafin Maris da Afrilu a shayar da bulo da kankare safe da yamma kwana 7, in ba haka ba ya ƙone tun bai yi ƙarfi ba. Magini a biya shi bisa matakin da ya gama, ba bisa kwana ba, a riƙe kashi 10 sai an duba aiki. Nuwamba ku fara, lokacin ƙasa ta tsane, takardun ma sun ɗan matsa.